Alamar Inda Aiki Ya Tsaya: Daga Kunyar Gero Zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

Manomin gero a ƙasar Gumel ko Gagarawa, idan yana cikin noman firi hadari ya taso, yakan kafa fartanyarsa a kunyar da ya tsaya kafin ya nemi mafaka. Wannan fartanya ita za ta nuna masa, ko ɗansa da zai karɓe shi, inda aiki ya kwana. Masu tsara manhajojin kwamfuta ma suna fama da irin wannan matsala, wato wace alama za a bari idan aiki ya katse.

Manhajar Adana Tarihin Rubutu

Akwai manhajojin da aikinsu shi ne adana kowane gyara da aka yi wa rubutu, tare da sunan mai gyaran da lokacinsa. Mafi shahara a cikinsu ita ce Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Idan mutum biyu suka gyara layi ɗaya ta hanyoyi dabam-dabam, Git ba ta zaɓar na kowa. Takan dakata da haɗa gyare-gyaren, ta jira hukuncin ɗan Adam. Daga nan mai aikin yana iya sasanta saɓanin ya ci gaba, ko ya soke aikin ya koma yadda yake da farko. Duka biyun ba za su yiwu ba sai manhajar ta rubuta inda ta fito da inda ta tsaya.

Hanyoyi Uku

Hanya ta farko ita ce ta Git, wadda ke ajiye ƙananan fayiloli, kowane irin aiki da nasa. Alal misali, fayil mai suna MERGE_HEAD yana nuna cewa haɗa gyare-gyare bai kammala ba. Amfanin wannan shi ne sauƙi, domin kowa na iya buɗe fayil ɗin ya karanta. Illarsa kuwa, alama takan wanzu bayan mai ita ya tafi. Kafin Git ta taɓa jerin fayilolin da ake shirin adanawa, takan kafa wani fayil mai suna index.lock don hana wani aikin kutsowa. Idan wuta ta ɗauke a daidai lokacin, fayil ɗin zai zauna, Git kuma ta ƙi ci gaba. Wajibi ne mai aikin ya tabbatar babu wani aiki da ke gudana kafin ya share shi, in ba haka ba gyaran gangar auzinawa zai yi.

Hanya ta biyu ita ce ta Subversion, wadda tun 2011 ta tattara bayanan kwafin mai aiki cikin rumbu guda. Wannan ya rage saɓani tsakanin bayanai, amma idan rumbun ya lalace, gyaransa da hannu yana da wuya.

Hanya ta uku ita ce ta Jujutsu, manhajar da ta zo daga baya. Ita takan adana saɓanin kansa a cikin tarihi, ta ƙarasa aikin ba tare da tsayawa ba, a sasanta daga baya. Sai dai abin da aka jinkirta yana iya taruwa.

Misali Daga Jikin Ɗan Adam

Ƙwayar halitta ma tana da wuraren dakatawa, kamar yadda Leland Hartwell da Ted Weinert suka bayyana a 1989. Idan sinadarin gado na DNA ya samu lahani, wani furotin mai suna p53 yakan tsayar da rabuwar ƙwayar har a yi gyara. Idan gyaran ya faskara, sai ya sa ta kashe kanta. Kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam suna tattare da lalacewar ƙwayar gadon da ke samar da wannan furotin.

Kammalawa

Kowace hanya tana da abin da ta saukaka da abin da ta tsananta. Ɗalibin da zai tsara manhaja a inda wuta ke yawan ɗaukewa, ya kamata ya fara amsa tambayoyi uku: me za a rubuta kafin a soma aiki, wa zai iya karanta shi, kuma wa zai tsige fartanyar idan an gama noma?