Darasin Tarihi: Shekarun Mutanen Nok Nawa Ne?

Nok wani ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a can. A 1943 aka sake samun wani kai a kusa da Jama'a. Wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Daga baya aka kai shi Jos wurin wani Baturen Ingila, Bernard Fagg. Shi ya gane cewa kawunan biyu aikin al'umma ɗaya ce da ta shuɗe. Sai aka sa mata sunan ƙauyen, wato Nok.

Nan fa gardama ta taso: yaushe suka zauna? Da farko an ce sun fara wajen shekara 2,500 da suka wuce. Wasu masana ba su gamsu ba, domin yawancin kawunan an same su ne cikin laka da ruwa ya kwaso daga wani wuri.

Yaya ake gane shekarun abin da aka tono? Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14. Idan ya mutu, sinadarin yakan riƙa raguwa. Rabinsa yakan ɓace cikin shekara 5,730. Masana sukan auna abin da ya rage a jikin gawayi ko ƙwayar hatsi, su ƙiyasta shekarun. Amma sai an sami gawayin a daidai inda mutanen suka bar shi tare da kayansu.

Daga 2005 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi tono a natse tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya. Sun auna ƙonannen gero da suka samu. Awon ya nuna cewa mutanen Nok sun fara zama wajen shekara 3,500 da suka wuce. Manoman gero ne, daga baya kuma suka koyi narka tama.

Babbar matsala ita ce masu tono a ɓoye don sayarwa. Sukan hargitsa ƙasa, su watsar da gawayi da katangar tukwane. Idan haka ta faru, shaida ta ɓace ke nan har abada. Manomin da ya ci karo da irin wannan kaya, ya bar shi inda yake. Ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su kuma su kai labari gidan tarihi.

Tambayoyi

1. A wace jiha ƙauyen Nok yake?
2. Me ake aunawa don gane shekaru?
3. Wane hatsi mutanen Nok suka noma?
4. Me ya kamata manomi ya yi idan ya tono tsohon kaya?