Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Igwar Jirgin Ruwa Take Ɓarna?

Tambaya daga wani mai karatu a Azagor, cikin yankin Dakoro, jihar Maraɗi: Na ji an ce harsashin igwar jiragen ruwa na da, masu tafiya da iska, ba ya fashewa. To ta yaya yake hallaka mutane da yawa haka?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Mu a ƙasar Hausa mun san igwa, tunda Sarkin Damagaram Tanimu ma ya sa an ƙera ta a Zinder. Amma tasa a tudu take. Ta cikin jirgi wani abu ne daban, domin jirgi ɗaya kan ɗauki igwa fiye da ta birni guda.

Ɗauki jirgin Ingila mai suna Victory. Igwa 104 gare shi, a jere hawa uku. Manyan cikinsu suna harba dunƙulen baƙin ƙarfe mai nauyin kilo 14 da ɗoriya, kamar ƙaramar kankana. Idan aka saki na gefe ɗaya, ƙarfen da zai fita ya kai rabin tan.

Ga inda ɓarnar take. Jikin jirgin katako ne mai kauri, a wani wurin ya haura rabin mita. Dunƙulen na faɗa masa sai katakon ya tarwatse ta ciki, tsinke-tsinkensa masu kaifi, wasu tsawon hannu, su watsu cikin ɗakin da ɗaruruwan mutane suke cunkushe suna ɗura albarushi. Waɗannan su ke tsinke ƙafa da hannu, su farke ciki. Maganin sa barci don tiyata babu, na ruɓewar rauni babu. Likita zarto yake ɗauka. Wallahi duk mai tausayi sai jikinsa ya yi sanyi.

Mafi muni shi ne a harbi jirgi ta baya, inda tagogi suke, katakon ba ƙarfi. Nan harsashi yake ratsa jirgin tun daga gindi har goshi. Haka Victory ya yi wa jirgin Faransa mai suna Bucentaure a yaƙin Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba 1805, ya karkashe mutane jingim a wucewa ɗaya. Akwai kuma dunƙule biyu haɗe da sarƙa don tsinke igiyoyi da ƙyallayen da iska ke turawa, da buhun ƙananan harsasai na sharar mutane.

Duk da haka, jiragen ba su cika nitsewa ba, domin katako yana yawo a kan ruwa. Wuta ce ajalinsu. A bakin tekun Masar, a watan Agusta 1798, wuta ta isa rumbun albarushin jirgin Faransa L'Orient, ya tashi da mafi yawan mutanen cikinsa.

Kada ka ɗauka abin ya tsaya nesa da mu. A Disamba 1851 jiragen Ingila, a lokacin wasu sun fara aiki da tururi, suka yi wa Ikko ruwan wuta har rumbun albarushin Sarki Kosoko ya fashe. Ya bar garin, aka ɗora Akitoye. A 1861 Ingila ta mai da Ikko ƙarƙashin mulkinta.