Yadda Ake Isa Bayreuth Daga Abuja Ta Jirgin Sama Da Na Ƙasa

Bayreuth ƙaramin birni ne a arewacin jihar Bavaria ta ƙasar Jamus. Jami'arsa, wadda ta fara karatu a 1975, ta yi suna wajen nazarin Afirka, shi ya sa ɗalibai da malamai daga Nijeriya da Nijar ke yawan zuwa can. Sai dai babu jirgin fasinja da ke sauka a garin, don haka tafiyar hawa uku ce: jirgin sama zuwa Frankfurt, jirgin ƙasa zuwa Nürnberg, sannan wani zuwa Bayreuth.

Tun daga gida ake fara shiri. Fasfo da biza da takardar gayyatar jami'a da shaidar inshorar lafiya, duk a sa su cikin jakar hannu, domin jami'in shige da fice na iya neman ganinsu. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa a bar su a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, kuma kwastan na ƙwacewa, wani lokaci har da tara. Wanda ke ɗauke da kuɗin da suka kai Yuro 10,000 dole ne ya bayyana su.

Jirgin Lufthansa yakan tashi Abuja da dare, ya sauka Frankfurt da sassafe bayan kimanin awa shida. A duba agogo: lokacin sanyi ɗaya yake da na Nijeriya, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Jamus na gaba da awa ɗaya.

Bayan an wuce shige da fice an ɗauki kaya, sai a nemi tashar jirgin ƙasa. Biyu ne a filin. Regionalbahnhof ta jiragen kusa ce, Fernbahnhof kuma ta masu dogon zango, ita ce taka. Daga nan ake hawa jirgin ICE mai gudu, ya bi ta Würzburg ya kai Nürnberg cikin kusan awa biyu da rabi.

A wajen tikiti ne ya kamata a natsu. Kamfanin jiragen ƙasa na Deutsche Bahn yana da mai araha, Sparpreis, wanda ke ɗaure mutum ga jirgi ɗaya a ƙayyadadden lokaci. Idan jirgin sama ya makara ko layin shige da fice ya yi tsawo, kuɗin sun tafi. Flexpreis ya fi tsada, amma kowane jirgi na wannan rana ka samu sai ka hau. Akwai kuma Rail&Fly da ake saya tare da tikitin jirgin sama, shi ma bai ɗaure ka da lokaci ba. Ga sabon zuwa, araha ba ta ado. Idan Sparpreis ko Flexpreis ka zaɓa, tikiti ɗaya ka yanka har Bayreuth, ta manhajar DB Navigator ko a kantar tashar. Hawa ba tikiti tarar Yuro 60 ce aƙalla.

A Nürnberg za a canja zuwa ƙaramin jirgi, tafiyar kusan awa ɗaya. Nan ne baƙi ke ɓata, domin wasu jiragen wannan layi suna rabuwa a hanya: wasu taragai su nufi Bayreuth, wasu su kama wata hanyar. Kafin ka shiga, karanta sunan garin da ke jikin taragon, ka kuma tambayi ma'aikacin jirgin. Matambayi ba ya ɓata.

Daga tashar Bayreuth akwai bas da tasi zuwa harabar jami'a, wadda ke kudancin gari. A guji isa ranar Lahadi, don kantuna a rufe suke, ofisoshin da ke ba da makullin ɗaki ma haka. Wanda zai zauna karatu kuma, doka ta ba shi mako biyu daga ranar da ya tare ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari. Ka sanar da mai masaukinka lokacin isowarka tun kafin ka bar Abuja.