Idan tsatsa ta cinye ƙasan tsohuwar Fijo

Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma bai daina fitar da Fijo 504 ba sai a 2006. Shi ya sa har yau ake samun wadda ke ajiye a gareji ko bayan gida, mai ita na burin tayar da ita. Yawanci hankali kan tafi ga inji da fenti. Ni kuwa sai in ce a fara ɗaga kafet. Salun ta 504 ba ta da shasi na daban, ƙasanta yana cikin abin da ke riƙe da motar, kuma a kansa aka ɗaure kujeru.

Ka cire kujeru da kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, ka ɗauki sukudireba ka bi ƙarfen kana dannawa, musamman wajen ƙafar direba da gefen ƙofofi. Inda ya lotsa ko ya ɓurma, ya mutu. Ramin da ido ke gani kaɗan ne daga ɓarnar, domin ƙarfen da ke kewaye da shi ya riga ya yi siriri.

A nan ne za ku yi jayayya da mai walda. Zai ce, "Alhaji, a ɗora faci kawai, kafet zai rufe." Kada ka yarda. Faci a kan tsatsa kamar ɗaure gyambo ne ba a wanke ba. Danshi na shiga tsakanin ƙarfen biyu, ya ci sabon da tsohon tare. A zana layi da alli nesa da ramin, a yanka har sai bakin ƙarfen ya fito fari tas, kaurinsa bai ragu ba. Kwanon rufi da fila ba su da gurbi a wannan aiki.

Kafin a kunna wuta, a cire batir, a leƙa ƙarƙashi a ga inda bututun mai da na birki da wayoyi suka bi, a kawar da su. In aikin ya kusanci tanki, a sauke shi. A kankare kwaltar da ke manne da ƙarfen, don tana kamawa da wuta, kuma wani ya tsaya kusa da abin kashe gobara. Idan yankan mai faɗi ne, a yi ɓangare ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, a tokare bakin ƙofa da ƙarfe. In ba haka ba jikin motar zai karkace, ƙofa ta daina rufuwa daidai.

Mafi kyau a samo ƙasan wata 504 mai lafiya a wurin masu sayar da kayan motocin da aka farfasa, tunda yana ɗauke da lanƙwasarsa ta asali, kuma lanƙwasar ce ke ba shi ƙarfi. In bai samu ba, a auna da kwali, a yanko farantin ƙarfe mai kaurin kusan milimita 1, a buga masa layuka don kada ya riƙa kaɗawa. Wurin da kusoshin kujera da na bel ke shiga, a ƙara masa ƙarfe mai kauri.

Waldar sanda irin ta masu ƙofa da taga tana huda siririn ƙarfe. A yi da injin MIG in akwai, ko da gas a hannun gwani. A riƙa ɗiga waldar nan da can, ana barin wurin ya huce, har ɗigon ya haɗe. Wanda ya ja ta a tashi ɗaya zai ga ƙarfen ya murɗe.

Bayan an goge, a shafa fentin hana tsatsa sama da ƙasa, a toshe bakin haɗin da gam na jikin mota, a bar ƙananan ramukan fitar ruwa a buɗe. Kafin a mayar da kafet, mutum ɗaya ya zauna ciki, wani ya zuba ruwa a gilashin gaba da ƙofofi. Galibi ta tsohuwar robar gilashi ko toshewar magudanar da ke gindinsa ruwan ke shigowa. A canza robar, a yashe magudanar, sannan a gaya wa masu wankin mota su daina jiƙa kafet a cikinta.