Gasar Tambaya da Amsa wajen Bitar Lissafi

 

Ya ku ƴan uwa Musulmi, da yawa daga cikin iyaye suna ƙyamar jin an haɗa wasa da karatu, suna ganin ɓata lokacin yara ne. Sai mu tuna hadisin da Buhari ya kawo a Kitabul Ilmi: Manzon Allah (S.A.W.) ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta lissafa itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce, amma kunyar manya ta hana shi magana. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar ya nuna ya so a ce ya faɗa. Ashe jefa tambaya don gwada fahimta hanya ce ta Annabi, kuma yaro mai kunya yana buƙatar a buɗe masa ƙofa.

Shi lissafi ba baƙo ba ne a addini. Aya ta 5 ta Suratu Yunus ta ambaci sanin adadin shekaru da lissafi. Zakka da rabon gado kuwa ba su yiwuwa sai da shi.

Ga yadda ake yi. Malami ya raba aji gida biyu, ya gauraya masu ƙoƙari da masu rauni. Ya faɗi tambaya sau biyu, ya ba da ɗan lokaci, sannan ya bugi tebur: kowane yaro ya rubuta amsa a allonsa. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga. Malaman lakwal sun san wannan dabara, wadda ta samo sunanta daga makarantar La Martinière ta birnin Liyon a Faransa. Amfaninta shi ne babu mai ɓuya a bayan wani, kuma mai kunya ya amsa ba tare da ya buɗe baki ba.

Tambayoyin su fito daga abin da yaro yake gani. A kasuwa yana ƙirga da dala, a aji da faran, kuma nan ne da yawa suke ruɗewa. Sai gida ɗaya ya ce dala 35, ɗayan ya mayar faran 175. Ga ƴan aji biyar da shida a shigo da zakka: damin gero 70 na noman damina, idan ya kai nisabi, ushirinsa dami 7, noman da aka shayar da wahala rabin haka. Mamaci ya bar jika 240 bayan biyan bashi da wasiyya, ya bar mata da ɗa: tumunin matar jika 30.

Sai dai a kiyaye. Kada yara su zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce. Kyauta ta fito daga hannun malami ko iyaye, ko da alli ne. Kada a sa wanda ya ci ya bugi wanda ya faɗi, al'adar da har yanzu ake gani a wasu makarantu, kuma Suratul Hujurati ta hana izgili. Amsar da aka kuskure a warware ta a babban allo kafin a wuce. Minti 15 a ƙarshen darasi ya isa.

Ga tambaya a kai wa yara gida: makiyayi yana da tumaki 130 da suka shekara a hannunsa, nawa zai fitar? Amsa tana fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.