LEDA A GONA DA CIKIN TUMBIN BISASHE

Manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na wannan karo ya shafi leda. Tun daga Yamai har Tawa, Maraɗi da Damagaram, duk garin da mutum ya dosa, baƙar leda ce ke fara tarbarsa, tana rataye bisa ƙaya. Iyayenmu da ƙwarya da kwando suke zuwa kasuwa. Idan ƙwarya ta fashe, gara ta cinye ta, ta koma ƙasa. Leda kuwa daga man fetur ake yin ta. Gara ba ta cin ta, ruwa ba ya ruɓar da ita. Rana tana kakkarya ta ƙanana-ƙanana, amma tana nan cikin ƙasa shekaru masu yawa.

Yadda leda ke kashe dabba

Saniya da tunkiya da akuya cikinsu ɗaki 4 ne. Babban ɗakin shi ne tumbi, inda ciyawa ke fara sauka kafin dabba ta yi tuƙa. Da rani da bazara haki yakan ƙare, bisashe su riƙa yawo bisa juji. Ledar da aka ƙulla ƙosai ko gishiri ko mai tana da ƙamshi, sai dabba ta haɗiye ta. Tumbi ba ya narkar da leda. Yau ɗaya, gobe ɗaya, har su cure su zama dunƙule mai tauri. Daga nan dabba tana jin ta ƙoshi alhali yunwa ke cin ta.

Alamun su ne: dabba ta rage cin abinci, ta rame, gashinta ya tashi, cikinta ya kumbura, kashinta ya ragu, nono ya janye. Mutane da yawa sukan ce mayu ne ko sammu. Mu dai muna cewa a tambayi mahauta, domin su ke buɗe tumbi kullum, sun san abin da suke fiddawa. Babu sassaƙe ko ƙwayar da ke narkar da ledar da ta cure. Likitan dabbobi kaɗai ke iya fidda ta ta hanyar aikin fiɗa, kuma ba kowane ƙauye ke da shi ba. Jar akuyar Maraɗi, wadda mata da yawa suka dogara da ita wajen nono da biki da kuɗin magani, hasararta ba ƙarama ba ce. Saboda haka a ɗaure dabba a gida lokacin rani, a ba ta harawa da dusa, a ajiye mata kanwa ko gishirin Bilma ta riƙa lasa. Dabbar da ta samu gishiri ba ta cika neman ƙazanta ba.

A gona da cikin gida

Manomi yakan biya kuɗin amalanke a kai masa shara daga gari don takin gona. Dabara ce mai kyau, amma sharar yau rabinta ba taki ba ne. Ledar da ta shige ƙarƙashin ƙasa tana tare ruwan sama, tana kuma tare saiwar hatsi. Kafin a watsa taki, a tsince ledar da ke ciki. Mafi sauƙi, a raba shara tun daga gida: toka da kashin bisashe da ɓawo su tafi ramin taki, leda ta shiga buhu dabam.

Da damana leda kan toshe magudanan ruwa, ruwa ya kwanta. Cikin irin wannan ruwa sauro ke ƙwai, kuma cikin kwana 10 zuwa sati 2 ƙwan ya zama sauro mai cizo, mai kawo masassara.

Akwai kuma al'adar hura wuta da leda. Tana kamawa da sauri, gaskiya ne, amma hayaƙinta guba ne, yana jawo tari, yana tayar da ciwon fuka. Mai girki da jaririn da ke goye su ke fara shaƙar sa. Koko da tuwo masu zafi ma a zuba su cikin kwano, domin zafi yana sa sinadarin leda ya shiga abinci.

Me za a yi da wadda aka tara?

Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Ƙasarmu Nijar ta yi tata doka ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da saida leda maras kauri. Kowa ya shiga kasuwa ya san dokar ba ta kai teburin mai tumatir ba. Aikin ya dawo hannunmu.

Roba mai kauri, kamar fasasshen bokiti da buta da jarka da tsohon takalmi, tana da masu saye. Ana niƙa ta, a narke, a ƙera sabon kaya. Baƙar leda ce mai wuya, don ba ta da nauyi, sai an tara da yawa kafin ta cika kilo. Wasu masu sana'a suna narka ta da rairayi su buga tubalin shimfiɗa hanya, sai dai wannan ba aikin tsakar gida ba ne saboda hayaƙi. Abin da ƙungiyar mata za ta iya shi ne wanke ta da sabulu, a shanya, a yayyanka, a tufka igiyar ɗaure dabba ko a saƙa jaka.

Ledar ruwan sha kuma tana aikin renon itace. A yanke bakinta, a huda gindinta wuri 3 ko 4. A cika ta da ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1. A shuka irin zogala ko gawo, a jera a inuwa, a riƙa ban ruwa safe da marece. Wanda ya shuka cikin Afrilu zai dasa cikin Yuli, lokacin da ruwa ya zauna. Ranar dashe a tsaga ledar da reza a hankali don kada ƙasar saiwa ta watse, sannan a maida ledar cikin buhu a koma da ita gida.