Kamun Kifin Salmon da Jan Fatsa a Tafkin Mishigan

Ya kai masunci, wannan darasi ya shafi wata hanyar su da ake yi a Tafkin Mishigan na ƙasar Amurka, wato jan fatsa a bayan jirgi mai inji. Salmon baƙo ne a tafkin. A 1966 aka zuba nau'in koho, a 1967 aka ƙara da shinuk, domin su rage alwaif, wani ƙaramin kifi da ya yi yawa har mushensa yana cika gaɓa.

Bayan hunturu, a watannin Afrilu da Mayu, ruwan gaɓa ne ke fara ɗumi, musamman a kudancin tafkin. Nan ƙananan kifaye ke taruwa, salmon kuwa ya biyo su. Saboda haka kada ka nufi tsakiya. Ka bi gefe a hankali, kamar kilomita 3 zuwa 5 a awa, kana jan koton ƙarfe mai walƙiya kusa da saman ruwa. Idan zafi ya shigo, kifi ya nutsa neman sanyi, sai ka ɗaura dalma mai nauyi ta kai koton ƙasa. A nan, ma'aunin zafin ruwa ya fi koto mai tsada amfani.

A gasa ana ƙayyade yawan kifin da kowane jirgi zai kawo, sannan a auna nauyinsu. Amma ka lura, girman kifi yana ga abincinsa. Da alwaif ya yi ƙaranci a Tafkin Huron mai maƙwabtaka wajen 2004, kamun shinuk ya durƙushe a can. A 2013 hukumomi suka rage 'ya'yan shinuk da ake zubawa a Mishigan da kusan rabi.